Darasi: Kaka da Tanadin Cimakar Shekara a Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Kaka ita ce lokacin da ke tsakanin ɗaukewar ruwan sama da kankamar hunturu, wato daga wajen ƙarshen watan Satumba zuwa Disamba, kuma a cikinta ne manomin yammacin Jihar Zamfara yake kwashe kusan duk abin da gidansa zai ci har zagayowar wata kakar. Amfanin gona ba ya nuna lokaci guda. Gero, wanda mutanen wannan yanki suka fi kira hatsi kawai, shi ne yake fara isa yanka tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, sai masara da gyaɗa su biyo baya, sannan wake da shinkafar fadamun da ke bin Gulbin Zamfara daga wajen Anka har Gummi, daga ƙarshe kuma maiwa da dawa, waɗanda sukan kai har iskar hunturu ta fara kaɗawa. Sanin wannan jeri yana da amfani ga mai ajiya, domin abin da aka girbe da wuri yakan tarar da iska mai danshi da raɓa mai nauyi, alhali abin da aka girbe a makare yakan tarar da busasshiyar iska, don haka kulawar da kowannensu yake bukata ta bambanta.

Mafi yawan asarar da magidanci yake ganowa a bazara ko a damina, sa'ad da ya buɗe buhu ya tarar da wake ya zama gari ko masara ta yi funfuna, an riga an shuka ta ne a cikin 'yan makonnin da ke tsakanin girbi da rufe rumbu. Ƙwaro da funfuna ba sa faɗowa cikin ma'aji daga sama. Galibi da hannun mai kayan ake shigar da su, a cikin tsabar da ba ta gama bushewa ba, ko a cikin tsohon buhun da ba a kakkaɓe ba. Saboda haka darasin zai fi daɗewa a kan waɗannan makonni, kafin ya zo kan lissafin abin da za a ci da abin da za a sayar.

Bushewa

Kowace ƙwayar hatsi tana ɗauke da ruwa a cikinta ko da ta yi tauri a hannu, kuma masana ajiyar amfanin gona suna auna wannan ruwa da kashi cikin ɗari na nauyin ƙwayar. Gero da dawa da masara da wake suna zaunawa lafiya idan danshinsu ya sauka zuwa wajen kashi 12 ko 13 cikin 100, ita kuwa gyaɗa, saboda man da ke cikinta, sai ta sauka zuwa wajen kashi 7 ko 8. Abin da ya haura wannan yana ba funfuna damar tsiro, yana sa tsibin hatsi ya ɗau zafi daga ciki, yana kuma kashe ƙarfin tsiron iri. Manomi ba ya yawo da na'urar awo, amma yana da gwajin da ya gada, wato ya ciji ƙwayar: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan kuwa ta lotsa a haƙori da sauran aiki. Akwai wani gwajin da ya fi wannan tabbas kuma ba ya cin kuɗi. A sami kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a zuba mata tsabar hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, to hatsin yana fitar da danshi, bai isa ajiya ba. Idan ya zube a gindi yana warwatse, an iya ɗurawa.

Ɓarnar funfuna ta wuce ta ɗanɗano da launi. Wani nau'inta, wanda ya fi kama gyaɗa da masara, yana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ba a ganinta da ido, ba ta da wari, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe ta. An fara gano ta ne a Ingila a shekarar 1960, bayan talotalo wajen dubu 100 sun mutu saboda cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai funfuna. A shekarar 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, waɗanda suka ci masarar da suka noma da kansu suka ajiye da danshi. Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ta cika faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda yake lalata hanta, yake iya kai wa ga dajin hanta musamman ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ciwon hanta, kuma ana danganta shi da tsumburewar yara. A nan akwai wata ɗabi'a da ta cancanci a sake dubanta. Idan aka tsince gyaɗa, mai kyau takan tafi kasuwa, motsattsiya da mai baƙi-baƙi kuma ta zauna a gida a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita, ko a watsa wa dabbobi. Ma'anar wannan ita ce an sayar wa baƙo lafiyayyen abinci an bar wa 'ya'yan gida gubar, kuma ko saniyar tatsa aka ba, wani ɓangare na gubar yana fitowa a nononta. Gyaɗar da ta lalace wurinta rami ne ko wuta. Sauran kuwa a shanya ta da zarar an tuge, 'ya'yan suna kallon sama ba kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, a kuma ajiye ta da ɓawonta, domin ɓawon shi ne garkuwarta har ranar da za a bukace ta.

Wurin shanya da turmin daka

A wasu yankunan ƙasar Hausa maganar wurin shanya maganar tsakuwa ce da ƙura. A ƙasashen Anka da Bukkuyum ta wuce nan, saboda abin da ya bayyana a shekarar 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya da suma a wasu ƙauyuka, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya a yankin suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gidaje ana farfasawa, ana niƙawa da injin niƙa irin na hatsi, ana dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai, ta shiga abinci da ruwa. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma suka bukaci magani, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Gyaran da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidajen a kwashe a binne, a zubo sabuwa mai tsabta, kuma Bagega, wanda shi ne mafi girma cikin garuruwan da abin ya shafa, sai a shekarar 2013 aka kai ga share shi.

Abin da ya haɗa wannan tarihi da darasin kaka shi ne dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, tafasa kuma ba ta rage mata komai. Hatsin da ya fito daga gona lafiya lau yana iya ɗaukar ta a wurin sussuka, ko a wurin shanya, ko a cikin turmi, ko a bakin inji, ko a cikin buhun da aka taɓa ɗauko dutse da shi. Don haka a duk garin da ake aikin zinariya, ko aka taɓa yi, ƙa'idar ita ce turmi da taɓarya da ƙwarya da buhu da injin da suka taɓa dutsen ma'adini sun fita daga aikin abinci har abada, domin wanki ba ya fitar da ƙurar da ta shige cikin tsagar itace. Mai kai niƙa yana da haƙƙin ya tambayi abin da injin yake niƙawa. Mai dawowa daga wurin haƙa kuma ya kamata ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya shiga inda ake shanya ko inda yara suke.

Ko a inda babu ma'adini, shanya a tsurar ƙasa ko a gefen kwalta, kamar yadda ake gani a kan hanyar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, tana jawo yashi da kashin dabbobi da fitsarin ɓera. Wani nau'in ɓeran gida da daji shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma ta hanyar abincin da ya yi wa fitsari ko kashi take yawan shiga mutane, galibi a watannin rani. Tabarma ko tamfol ko daɓen siminti da aka share, tare da kwashe shanyar kafin faɗuwar rana don gudun raɓa da ɓera, sun wadatar.

Rumbu da rufewa

Rumbu iri biyu ne a wannan yanki. Akwai wanda ake saƙawa da kara ko zana a ɗora a kan itatuwa, wanda iska take ratsawa, don haka ya dace da dammunan da ba su gama bushewa ba. Akwai kuma na laka, wanda ake kira rufewa, ana gina shi a kan duwatsu don ya rabu da danshin ƙasa da gara, da ƙaramar ƙofa a sama da jinka a kanta. Kaurin bangon rufewa yana hana zafin rana shiga da sauri, ƙanƙantar bakinta kuma tana rage shigar ƙwari, shi ya sa geron da aka zuba cikinta a zangarniyarsa yakan shekara biyu ko fiye bai canza ba. Zangarniya ita ce kan hatsin da ba a sussuke ba, dami kuwa ƙunshin zangarniyu ne da aka ɗaure, wanda da shi ake ƙidaya amfanin gona tun kafin buhu ya yaɗu. Barin hatsi a zangarniya tsohuwar dabara ce, har malamai sukan tunatar da cewa ita ce shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar don shekarun fari. Hikimarta ita ce ƙaiƙayin da ke lulluɓe da ƙwayar yana tare ƙwaro, iska tana zagayawa tsakanin zangarniyu, kuma, abin da ba a cika faɗa ba, hatsin da sai an sussuka an sheƙe kafin a auna ba ya saurin zubewa zuwa kasuwa a duk ranar da ƙaramar bukata ta taso.

Kafin sabon hatsi ya shiga, sai a fitar da ragowar na bara gaba ɗaya, a share ciki a ƙone sharar, a yi hayaƙi da ɗan kara don kashe ƙwarin da suka maƙale a bango, a yaɓe duk wata tsaga, a sabunta jinka. Zuba sabo a kan tsoho daidai yake da miƙa wa ƙwarin bara abincin bana. Ganyen darbejiya da busasshen barkono da wasu ke shimfiɗawa tsakanin dammuna suna korar ƙwari gwargwado, amma ba sa kai wa ga tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwaya, don haka taimako ne ga tsabta da bushewa, ba madadinsu ba. Shinkafa ma ta fi daɗewa a matsayin shanshera, wato da ɓawonta, a riƙa turarawa ana casa gwargwadon bukata.

Wake, buhu da maganin ƙwari

Wake ne ya fi wahalar ajiya, kuma shi ne ya fi jawo mutane ga amfani da guba. Ƙwaronsa yana fara kama shi tun a gona, inda macen take ɗora ƙwai a jikin kwanso ko a jikin ƙwayar. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye, ta fito cikakken ƙwaro cikin kamar mako uku zuwa huɗu idan ana zafi, ta bar ramin nan da kowa ya sani. Da yake kowace mace tana zuba ƙwai masu yawa, 'yan ƙwarin da ba a lura da su ba a watan Nuwamba suna iya mamaye buhu kafin bazara. Wannan ne dalilin da ya sa manoma da yawa suke rabuwa da wakensu tun a kaka, lokacin da farashinsa ya fi faɗuwa.

Ƙwaro mai rai ne, kuma yana bukatar iskar shaƙa kamar kowace halitta. A kan wannan aka gina buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, ana kuma ƙera shi a Kano. Ledoji biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje don ɗaukar nauyi. Idan aka rufe shi da kyau, ƙwarin da ke ciki da kansu suke shanye iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Amfaninsa yana rataye ne a kan bin ƙa'ida: a duba kowace leda ta hanyar cika ta da iska a matse don a gane ko ta huje, a zuba busasshen wake da aka tsince, a girgiza ya zauna, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. A jera buhunan a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga abin da bai gama mutuwa ba. Wanda za a ci cikin wata ɗaya ko biyu a ware shi daban tun farko. Jarka mai murfi da ganga mai rufuwa sosai suna yin aiki iri ɗaya, muddin an cika su har baki kuma ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsu ba. Ga ɗan waken iri kuwa, tsohuwar dabarar gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, awo ɗaya na wake awo ɗaya na toka, a cikin tulu, tana nan da ƙarfinta.

Sai maganar magani. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa buhu tana fitar da iskar fosfin da zarar danshin iska ya taɓa ta, kuma wannan iska tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana ko a ɗakin da ya haɗa bango da shi kasada ce da rai, don haka aikin na wanda aka horar ne, a ma'ajin da ke ware. Mafi muni shi ne yayyafa wa wake magungunan kashe ƙwari irin su Sniper ko fiya-fiya, waɗanda ba a yi su don taɓa abinci ba. Saboda yawan ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Irin waken da Turawa suka ƙi karɓa yana iya ƙarewa a tukwanen cikin gida, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai saye ya yi shakkar duk waken da ya kai damina ba rami ko ɗaya alhali yana warin magani.

Kayan miya da abincin dabbobi

Tuwo ba ya ciyuwa gaya, kuma wannan ɓangare na tanadi galibi a hannun mata yake. Ganyen kuka da rama da zogale da tafasa da yakuwa ana tsinkarsu ne kafin su tsufa a ƙarshen damina, kuma a inuwa mai iska ya kamata su bushe, domin rana tsaka tana kashe korensu tare da sinadarin da ke kare lafiyar ido da ƙarfin jikin yara. Garin kukar da ya fito kore shar ya fi wanda ya yi fari-fari amfani, ba kyan gani kaɗai ba. Kuɓewa da tattasai da barkono da tumatir, wanda busasshensa ake kira kauɗa, su rana suke so, a yanka su sirara a baza a kan tabarma bisa rumfa inda awaki da ƙura ba sa kai, a kuma bar su ba daka har ranar amfani, domin gari ya fi saurin shan danshi da rasa ƙamshi. Daga 'ya'yan yakuwa ake yin daddawar batso, wadda take cike gurbin ta ƙalwa, tun da ɗorawa sai bazara take nuna. Kifin gulbi, wanda yake yawaita idan ruwa ya fara janyewa daga fadamu, banda ce take riƙe shi, amma sai an riƙa mayar da shi kan hayaƙi lokaci-lokaci. Ɗanyen tumatir da ganye kuma suna ƙara kwanaki a cikin tukunyar da aka sa cikin wata babba aka cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, dabarar da malami Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samar masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iskar hunturu, domin ƙafewar ruwan yashin ce take janye zafi.

Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure su tun ganyen bai kakkaɓe ba a ɗora bisa soro ko rumfa, a tara kara da ƙaiƙayi da dusa, domin tunkiyar da aka ciyar har bazara ita ce ajiyar da za a sayar maimakon a taɓa rumbu.

Lissafin gida

Idan hatsi ya taru, haƙƙin farko da ke kansa zakka ce, ga wanda amfaninsa ya kai nisabi, wato awsuƙi 5, daidai da sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushirinsa, ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahalar ban-ruwa kuwa rabin ushiri. Bayan ita sai iri, wanda ya kamata a zaɓa tun a gona daga zangarniyu mafi cika da lafiya, a ajiye shi inda hannu ba ya kai wa. Daga nan sai cimaka, kuma a nan ne yawancin gidaje suke aiki da zato. Lissafin ba shi da wuya: gidan da yake cin tiya 2 a yini yana bukatar tiya 730 a shekara, wanda a buhun da ke cin tiya 40 ya haura buhu 18, kafin a sa baƙi da suna da sadaka da abincin 'yan ƙwadago a lokacin noma. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne rarar da ta halatta a kai kasuwa. Magidancin da ya fara da sayarwa, don biki ko don biyan bashin da ya ci da damina, sannan ya ajiye abin da ya saura, yakan dawo kasuwar nan a watan Yuli ko Agusta ya sayi irin hatsinsa da tsada, sau da yawa da sabon bashi wanda kaka mai zuwa za ta biya.

Tsarin gandu na dā yana da maganin wannan. Gandu shi ne babbar gonar da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, gayauna kuwa ƙaramar gona ce ta mutum ɗaya. A wurare da dama na ƙasar Hausa akan rufe rumbun gandu bayan kaka, a ci daga na gayauna da abin da sana'ar rani ta kawo, samari su tafi cin rani bakunan ci su ragu, ba a buɗe babban rumbun sai ruwa ya sauka aikin gona ya kankama. Masu wadata kuma sukan riƙe rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekarar da damina ta gaza, kamar yadda aka gani a yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984. Gandu ya raunana a yau, amma gidan mutum ɗaya ma yana iya ware buhunan watannin Yuni zuwa Agusta ya ɗaure su a buhu mai ruɓi uku, ya ɗauka kamar ba nasa ba ne har lokacinsu ya yi.

Ruwa, wuta da rashin tsaro

Ambaliyar da ta afka wa garin Gummi a watan Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa a daidai lokacin da ajiyar kowa ta yi ƙasa, kuma ginin laka daga gindi ruwa yake cinsa. Mazauna kusa da gulbi da fadama su gina rumbu a mafi tudun wuri a gidan, su ɗaga duwatsun gindinsa, iri kuma ya zauna a jarka mai murfi wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Da hunturu haɗarin yakan koma na gobara, saboda iska da busasshen kara da wutar jin ɗumi, don haka tsibin kara da harawa su yi nesa da madafa da rumbu.

Abu na uku ya fi nauyin faɗa. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna hana noma a sassan waɗannan ƙananan hukumomi, suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin girbi, suna kwashe ko ƙone rumbuna, kamar yadda ya faru a hare-haren farkon watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma garin Anka ya daɗe yana karɓar waɗanda aka raba da gidajensu. Babu dabarar ajiyar da za ta maye gurbin tsaro, wanda haƙƙi ne a kan hukuma. Abin da ke hannun magidanci shi ne kada ya tara shekararsa duka a wuri ɗaya da ake hangowa daga nesa. Wannan yanayi ya sa tsaba a buhu ta fi dami dacewa a wasu ƙauyukan duk da fifikon da zangarniya take da shi, domin buhu yana hawa babur, ana iya kai wani kaso wurin ɗan'uwa amintacce a cikin gari, a rubuta adadi a gaban shaidu don kare zumunci. Yana da kyau kuma gida ya riƙe ɗan guzuri mara nauyi da ba ya bukatar dahuwa, kamar ƙuli-ƙuli da soyayyen garin gero da garin rogo, tare da katin asibitin yara da takardun gona a cikin leda guda.

Aikin da za a kawo aji

Kowane ɗalibi zai auna hatsin da ake fitarwa don girki a gidansa na kwana bakwai a jere, da tiya ko da kwanon da aka saba, ya raba jimlar gida bakwai, ya ninka abin da ya samu sau 365, sannan ya kwatanta da abin da ke cikin rumbunsa bayan fitar da zakka da iri, ya faɗi watan da hatsin zai ƙare idan ba a sayar da komai ba. Zai kuma zo da kwalbar gilashi busasshiya da gishiri da ɗan hatsi ko wake daga ajiyarsa ta bana, domin a yi gwajin danshi tare a farkon zama na gaba.